Kiran da Aka Yi a Gidan Madubai

Agege, Legas
16 ga Yuni

Zuwa ga Gwaggo Badiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya. Ya ƙafa, ya damina, ya aka ji da hidimar Sallah? Na san waya ba ta yi miki amfani tun da kunnen nan ya ƙi, kuma ko da yana ji, maganar nan ba ta waya ba ce. Shi ya sa na ba Mu'azu direba takardar nan, tun da gobe zai juyo Charanci ɗaukar shanu.

Gwaggo, yawon shaƙatawa muka je. Kar ki yi dariya. Bayan Sallah Baban Sabiru ya dawo daga mayanka ya ce shekara goma yana fama da ƙarnin nama, iyalinsa ba su san komai a Legas ba sai cunkoson motocin haya na danfo. Ya kama mana ɗaki na kwana biyu a wani wurin wasa can hanyar Epe, otal ne haɗe da filin lilo da jirgin ƙasa na yara. Mu huɗu muka tafi: ni, shi, Sabiru, da yarinyar nan, 'yar farin.

A bakin ƙofa wata budurwa Bayarabiya tana ɗaura wa yara abin hannu na roba tana rubuta sunayensu a jiki. Ta ce mini, "Madam, sunan yarinyar?" Na kau da kai na shiga gyara mayafi. Ta sake tambaya, ta ɗauka Turanci ne ban ji ba, sai ubanta ya faɗa. Yarinyar ta dube ni ta yi ɗan murmushin nan nata na gefen baki. Shekararta tara, kin dai san ban taɓa kama sunanta ba, yadda kika koya mini.

Ranar farko mun sha dariya. Mutumin da yake kayar da bijimi shi kaɗai ya hau lilon da yake kai mutane sama, wallahi tun daga ƙasa nake jin salatinsa. Sabiru kuwa ya rungume wuyan dokin katako ya ce sai an zo da shi Agege.

Rana ta biyu bayan azahar yarinyar ta ja bakin mayafina, abin da ba ta saba ba, ta nuna mini wani ɗaki da suke ce wa gidan madubai. Muka shiga mu biyu. Lunguna ne, ko ina madubi, kina juyawa ki ga kanki goma. Ta ruga gaba tana dariya. Sai aka ɗauke wuta.

Kafin su tada janareto bai fi minti biyu ba, amma duhun har ba na ganin tafin hannuna. Kowace uwa a ciki ta hau kiran nata: Tope! Ngozi! Ni kuwa "Ke! Ke! Tsaya nan!" kawai nake iya cewa. Sunan ya zo mini har bakin haƙora, Gwaggo, ya koma. Da wuta ta dawo na ga kaina ta kowane ɓangare, ita babu ko ɗaya.

Sai dab da magariba masu gadi suka same ta a bayan shinge, bakin wani ruwa inda baƙi ba sa zuwa. Tana zaune, ƙafafunta a ruwa, ta jera takalmanta a gefe. Ko ƙwarzane babu a jikinta, likita ma ya ce ba abin da ya taɓa ta.

Amma tun da muka dawo ba ita ba ce. Tana cikin cin abinci sai ta tsaya ta karkata kai kamar mai saurare. Sau biyu ina kamo ta a ƙofar gida ba takalmi. Ranar Juma'a na ji tana gaya wa Sabiru a bayan labule, "Mama ce ta kira ni a duhun nan. Ta faɗi sunana, ta ce in zo. Muryarta ce."

Gwaggo, ban kira ba. Tsoro nake ji ƙwarai. Ki gaya mini abin da zan yi.

Taki 'yar,
Safinatu

Charanci
23 ga Yuni

Safinatu,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na karanta sau uku. Muna lafiya, ƙafa da sauƙi, gero ya fara rufe ƙasa.

To wa ya aike ku? Mutum da gidansa da tabarmarsa, ya kwashi 'ya'ya ya kai su ɗakin da aka cika da madubi, a bakin ruwa kuma. Ke ba ki san wuraren nan biyu da masu su ba? Mu da muke yara ko madubi ɗaya ba a bari mu daɗe muna kallo. Ki gaya wa mijinki Yakubu in shaƙatawa yake so ya zo ya yi mini noma, zai shaƙata har ya gode Allah.

Na ba Mu'azu galan ɗin rubutu daga wurin Malam na Tsohuwar Kasuwa, ta sha safe da yamma, ki shafe mata fuska da ragowar. Ga tazargade da habbatussauda a ƙulli, ki yi mata hayaƙi. Ki riƙa tofa mata Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi. Abin hannun nan mai sunanta, in yana nan, a ƙone shi.

Amma na ga inda alƙalaminki yake karkata, kuma ina ja miki kunne. Kar ki ɗora wa kanki laifi don kin riƙe kunyar 'yar fari. Uwarki, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa kiranki ba har ta koma ga Mahaliccinta, kuma ba ki ɓace ba. Ni na raine ki, ban raini marar ta-ido ba. Matan Legas su yi ta rangaɗa sunan 'ya'yansu a titi kamar masu talla, wannan ruwansu. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

In an yi hutun makaranta ki turo mini ƙawata Umaima. Ta sha fura ta bi awaki sati biyu, za ki ga ta manta da wani madubi.

Allah ya tsare, ya kawo sauƙi. Ki gaida Yakubu da angona Sabiru.

Gwaggonki,
Badiyya

Agege, Legas
2 ga Yuli

Zuwa ga Hajiya Gwaggo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki da girmamawa, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni ne Yakubu. Ki gafarce ni da na rubuto miki kai tsaye, na san ba tsari ba ne tsakanin suruki da surukarsa, amma abin ya kai inda ya kai. Safinatu ba ta san na rubuto ba.

Saƙo ya iso, mun gode. Umaima ta sha rubutun har ya ƙare, an yi hayaƙi, an ƙone abin hannun. Faɗan da kika yi mini kuma na karɓa, laifina ne.

Ni ɗan kasuwa ne, Gwaggo, da farko na ce wata ɓarauniyar yara ce ta karanta sunan a hannunta ta yaudare ta, don Legas ba abin da ba a yi. Na koma wurin ranar Asabar na matsa wa ogan masu gadi sai da ya nuna mini hoton kyamara. Lokacin da ba wuta ba ta ɗauki komai ba. Da wuta ta dawo, sai ga Umaima tana fita ta ƙofar baya ta ma'aikata. Ita kaɗai ce. Hannunta na dama a ɗage yake kamar an riƙe mata shi, tana kallon sama tana murmushi. Ogan ya maimaita mini sau biyu, sannan ya kashe ya ce, "Alhaji, abeg, je ka yi addu'a."

Ranar Talata da hantsi ta fice. Ja'afar mai shayi, maƙwabcinmu, shi ya tsinto ta a kan layin dogo wajen tasha, tana tafe tsakiyar ƙarafunan, saura kaɗan jirgin Ibadan ya wuce. Uwarta a lokacin tana madafa. Na zaunar da ita na ce, "Umaima, kin san Mama tana gida, me ya sa kike bin muryar?" Ta ce, "Dadi, tana faɗin sunana da daɗi."

Yanzu kwaɗo muke sa wa ƙofa, makaranta ma na hana ta zuwa. Amma yarinya ba akuya ba ce, ba za mu ɗaure ta har abada ba, rana ɗaya wani zai manta da ƙofa a buɗe.

Ni a Agege aka haife ni. Tawa tsohuwar, ni ne ɗan farinta, amma sau hamsin take kiran Yakubu a wuni, har kasuwar Mile 12 ana jin ta. Ban raina al'adarku ba, wallahi kunyar Safinatu tana cikin abin da ya sa na aure ta. Sai dai ina ganin abin da yarinyar nan take nema a waje, yana cikin gida. Na roƙi uwarta ta kira ta ko sau ɗaya, ta buɗe baki sai hawaye, ta ce ba za ta iya haɗa ido da ke ba. Ta rame, ba ta cin abinci.

Ke kika ɗaure, Gwaggo, ke kaɗai za ki kwance. Don Allah ki taimake ni.

Ɗanki mai biyayya,
Yakubu

Charanci
9 ga Yuli

Safinatu 'yata,

Sallama da gaisuwa. Mijinki ya rubuto mini, kar ki yi masa faɗa. Kwana biyu takardarsa tana cikin zanena ban iya amsawa ba.

Zan gaya miki abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Kin san na yi ɗan fari namiji kafin a haife ki, ƙyanda ta ɗauke shi yana shekara shida. Ranar da zai tafi, da la'asar ne, ɗakin cike da mata, kakarsa ta ɗora kansa a cinyarta. Ni ina bakin ƙofa ina tsince shinkafa, don kar a ce na damu. Idonsa ya riga ya rufe da ciwo, ba ya gani. Yana ta juya kai yana cewa, "Inna tana nan? Inna tana nan?" Matan suka ce tana nan. Ya ce, "To ta yi magana." Na yi gyaran murya. Iyakar abin da na ba shi ke nan.

Ban yi kuka a gaban mutane ba. Shekara arba'in da ɗaya ana ba da labarina a garin nan, ana cewa a yi kara irin ta Badiyya. Na karɓi yabon na riƙe, na kuma ɗora miki, don in na ce miki kuskure ne, to me zan ce wa kaina? Faɗan da na yi miki a waccan takarda, da kaina nake.

Sunansa Shafi'i. Yau na fara rubuta shi, kin ga yadda hannuna ya karkace.

Ban san abin da yake kiran Umaima ba, Allah ne masani. Amma ko mene ne, da kayanki yake farauta. Ki kira ta. Da rana tsaka, a gaban ubanta da ƙaninta da duk wanda yake tsakar gidan, ki durƙusa ki kama hannunta ki faɗa. In wani ya ce ba ki da kunya, ki ce ni na sa ki.

Ki yafe mini. Ina nan ina jiran Mu'azu.

Gwaggonki,
Badiyya

Agege, Legas
17 ga Yuli

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Na yafe miki duniya da lahira, ni ma ki yafe mini. Allah ya jiƙan Yaya Shafi'i.

Na yi yadda kika ce. Jiya bayan azahar, tsakar gida cike da mutane, tana zaune a kan turmi ta karkata kai wajen ƙofa. Na durƙusa a gabanta na kama hannunta. Sai da na yi bisimilla sau uku kafin bakina ya buɗe. Na ce, "Umaima."

Ta dube ni. Na ga jini ya bar fuskarta. Ta fizge hannunta ta ruga bayan ubanta ta ƙanƙame rigarsa tana cewa, "Dadi, ta shigo gida! Ba Mama ba ce. Mamana ba ta kiran sunana."

Tun jiya ba ta leƙa ƙofa ba ko sau ɗaya. Amma ba ta yarda mu zauna ɗaki ɗaya, kuma abincin da na taɓa ba ta ci. Ɗazu na gwada ce mata "ke", ta toshe kunne.

Gwaggo, yanzu da me zan kira ta?

Ki sa mu a addu'a. Na bar ki lafiya.

Taki 'yar,
Safinatu