Tumbin da Ba na Ci Ba Ne

Litinin, 3 ga Maris
Yau na matsar da kujerar bas baya, sitiyari ya fara gugar cikina. Direbobi a gareji sai tsiya: "Wata nawa ne, mu fara shiri?" Na taya su dariya. Ni da ko rabin kwano ba na iya cinyewa.

Alhamis, 6 ga Maris
Rana tsaka fasinjoji na fifita, ni ina cikin rigar sanyi.

Asabar, 15 ga Maris
Yaya ta zo. Shekararta ashirin tana aikin jinya. Ko zama ba ta yi ba ta ɗaga haɓata. "Haɗiyi yawu." Na haɗiya. Ta daɗe tana kallon wuyana. "Ƙanena, wannan ba ƙibar jin daɗi ba ce. Duk ta taru a ciki da fuska." Ta ce lallai in je asibiti a gwada jinina.

Talata, 18 ga Maris
An ɗebi jinina. Don dai Yaya ta ƙyale ni.

Laraba, 26 ga Maris
Likita ya ce akwai wata 'yar tsoka a gaban maƙogwaro, sinadarinta ke sa jiki ya ƙona abin da aka ci. Nawa ya yi ƙasa sosai, shi ya sa kitse ke taruwa a ciki, ga jin sanyi, ga kasala. Da ya ji aikina sai ya ajiye biro. "Barci yana fizgarka?" Na ce a'a. Duk da haka ya rubuta in dakatar da tuƙi har magani ya karɓe ni. Takardar na aljihuna. Direbobi uku ke jiran motata ta faɗo hannunsu.

Juma'a, 28 ga Maris
Gada. Na tuna hawanta, ban tuna sauka ba. Ihun wata mata ne ya dawo da ni: "Direba!" Tayar gaba har ta hau dakalin gefen titi. Mutum talatin da biyu a bayana. Na ce musu rami na kauce wa.
Babu rami a wurin.

Talata, 1 ga Afrilu
Na ajiye wa manaja makulli da takardar. Ya karanta sau biyu, ya aika a kira wani direba. Ɗan hutu ne kawai, ba wani abu ba. Na dawo gida a bas ɗin layinmu, kujerar bayan direba. Har na sauka idona na kan ƙeyarsa, ina jiran in ga ko kansa zai sunkuya.