Ƙafar babanka da nonon tumfafiya

Assalamu alaikum, ɗana Sahabi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina gajiya, ina karatu, yaya jikinka da zazzaɓin nan? Ina fatan kana lafiya kai da abokan zamanka. Mu nan Filingué sai godiyar Allah, in ban da ƙafar babanka.

Wajen yankan hatsi ƙaya ta soke shi a dunduniya. Ya tsinko ganyen tumfafiya ya ɗiga nonon a wurin, kamar yadda munka saba. Bakin ciwon ya bushe, amma ƙafar ta kumbura har idon sawu, tana da zafi kamar tukunya, kuma jiya a zaune ya yi sallar azahar.

Na ce, “Yaya, mu tai likita.” Ya ce, “Hadiza, ɗana da ke jami’a ya ce an auna nonon ga, shina kashe ƙwayoyin cuta. Ke kin fi shi sani?” Ni ma da kunnena na ji ka faɗa da sallar layya.

Ban ce ka yi ƙarya ba, Allah ya sani. Amma ko me kunka gani cikin kwalabenku na gwaji, ba ƙafar tsoho mai ciwon suga ba ce. Maganarka ya riƙe, kai kaɗai za ka iya kwance ta. Ka kira shi ran da takardar ga ta iske ka, kada ka jira Juma’a da ka saba kira.

Ka sa shi cikin addu’a. Innarka na gaishe ka, ba ta san na rubuto ba.

Gwaggonka,
Hadiza