Kazar Baba ta miƙe, ƙirjina bai haɗe ba

Assalamu alaikum 'yan zaure. Admin a taimaka a sakaya sunana, duk da na san duk wanda ya fito daga gefenmu yana karantawa zai gane ni, to in ka gane ni ka rufa mini asiri. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya ɗaure kuma lokaci ya ƙure mini.

Ni masunci ne, ina zaune a wani ƙauye na bakin tafkin Kainji ta ɓangaren Ngaski, ba nisa da Wara. Na ɗan taɓa sakandare a Yelwa tun Yauri tana cikin jihar Sakkwato, amma daga baya ruwa na dawo, don shi muka gada. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, ƙaninsa ne ya riƙe ni, shi nake kira Baba kuma ban san wani uba ba sai shi. Baba bayan kamun kifi, ɗori yake yi, kuma a da har daga Shanga ana kawo masa masu karaya. Yadda yake aikinsa, in ya ɗaure ƙashin mutum sai ya kama kaza ya karya mata ƙafa, ita ma ya ɗaure ta da kara ya yi mata tofi, duk ranar da kazar ta taka to mutum ya haɗe. Ni ba mai raina wannan ba ne, don ina yaro na faɗo daga mangwaro na karye a hannu, haka ya yi mini, kuma da hannun nake wannan rubutu.

Shekarun nan na baya na fara haki, in ja igiyar injin jirgi sau biyu sai in zauna, ƙafafu su kumbura. An yi ta yawon magani kafin a gane bawul ɗin zuciyata, wato 'yar ƙofar da jini ke bi, shi ne ya lalace, wai wani zazzaɓi mai kumbura gaɓoɓi da na yi tun ina yaro shi ya ci shi a hankali. In gajarce muku, an kai ni wani babban asibiti mai nisa an yi mini tiyata, an tsaga ƙashin ƙirjina an sa bawul na ƙarfe, aka mayar da ƙashin aka ɗaure da waya. Alhamdulillahi na tashi. Yanzu wata ɗaya da 'yan kwanaki ke nan da dawowata gida.

Kafin a sallame ni likita ya zaunar da ni da matata ya yi mana dogon bayani. Ya ce zuciyar ta yi kyau, ƙashin ne abin tsoro, sai ya yi kamar wata uku kafin ya haɗe sosai, shi ma sai sun duba sun tabbatar. Kada in ɗauki abin da ya fi buta nauyi, kada in ja guga, kada in ja igiyar inji, kada in hau kabu-kabu, kada in dafa ƙasa da hannu in zan tashi. Ga maganin tsinka jini da zan riƙa sha kullum, wanda ya ce ko ƙaho kada in yarda a yi mini don jinin ba zai tsaya da wuri ba. Matata ta haddace duk wannan fiye da ni, ta dawo gida ta zama 'yar sanda. Ta ɗinka mini wani ɗan matashi da nake rungumewa in zan yi tari ko atishawa, kuma wallahi duk wanda aka yi wa irin aikin nan ya nemi nasa, don atishawa ɗaya ba matashi sai ka ga taurari da rana. Ta hana ni rigunan da ake sawa ta ka, sai masu maɓalli a gaba. A kujera nake salla, a rigingine nake kwana da filo biyu a baya, ni da tun tasowata a kife nake barci. Gishiri an rage, kifin banda mai gishiri an hana, sai farfesu salam. Safe da yamma in taka a hankali zuwa bakin ruwa in dawo, wannan kaɗai ne aikina.

Zaman nan shi ya fi ciwon damuna. Zama wuri ɗaya tsautsayi ne in ji kifi, to ni yanzu na yarda. Ina zaune ƙarƙashin darbejiya ina jin tashin injin kowa, har na san wannan na wane ne wancan na wane ne, nawa yana jingine a zaure an lulluɓe shi da buhu. In wuri ya yi shiru sai in riƙa jin bawul ɗin yana ƙas ƙas kamar agogo, raina ya ɓaci ba dalili, in yi ta faɗa da yara a kan abin da bai kai ya kawo ba. Na faɗi wannan ne don ku san ni ma ba son zaman nake ba.

To ga inda matsalar ta faro. Kwana biyu da dawowata Baba ya ji cewa ƙashi aka yanke aka ɗaure da waya, sai ga shi da kararensa da man shanunsa, wai tunda ƙashi ne aikinsa ne, zai murza ya ja ya ɗaure. Matata ta tare ƙofa, cikin ladabi dai amma ta ƙi matsawa, ta ce likita ya hana a taɓa wurin. Baba ya ji zafi ƙwarai, ya ce yau shi za a tare wa ƙofar ɗan da ya goya. Inna, mahaifiyata, tana gefe tana kuka, ita tana ganin an wulaƙanta ƙanin mijinta, ita kuma matata tana ganin za a kashe mata miji. Gida ya kaure. Ni ne da kaina na kawo abin da nake ganin dabara ce, na ce Baba ya yi haƙuri ya bar jikina tunda ɗinkin ɗanye ne, ya yi aikin a jikin kaza kawai, ya yi mini tofi daga nesa. A raina na ce kaza ce za ta sha wahala, ni ba abin da zai taɓa ni, tsoho kuma ya fita kunya. Sai ya ce ya taɓa ganin mahaifinsa ya yi haka ga wata mata mai jego, don haka ya yarda.

Aka kamo wata jar kaza ta Inna, ya karya mata ƙafa ya ɗaure, ya tofa mata ya tofa mini, aka ajiye ta kusa da kujerata. Tun daga nan muka zama abokan jinya, in ina cin abinci in watsa mata, in ta yi ƙoƙarin tashi in ce ke ma zauna, likita ya hana. Har dariya abin yake ba mu, matata ma ta saki jiki. Ni sam ban kawo a raina cewa ƙashin kaza ba ya jiran wata uku ba. Satin da ya wuce Baba ya zo ya kwance karan, kaza ta ɗan yi ɗingishi, kafin yamma tana tsere da 'yan uwanta a kan tsaba. Baba ya kalle ni fuskarsa cike da murna ya ce, "Ƙashi ƙashi na, ko na ƙahwa ko na gaba. Tunda kazag ga ta taka, kai ma ka haɗe."

Ku fahimce ni, Baba ya tsufa, hannunsa yana rawa, kuma an daɗe da daina kawo masa masu karaya, wasu asibiti suke tafiya wasu wajen wani matashin mai ɗori a ƙauyen gaba. Ya yi shekaru yana zaune a ƙofar gida ba mai nemansa. Amma tun da kazar nan ta miƙe ya zama wani mutum daban, kullum yana bakin ruwa inda jirage suke tsayawa yana ba da labari, wai likitoci sun tsaga sun kasa haɗawa sai da waya, shi ya haɗe daga nesa. Labari ya bazu har kasuwar Wara. Shekaranjiya wani Bafulatani ya kawo masa ɗansa da targaɗe, na ga Baba ya sa babbar rigarsa ta Juma'a kafin ya fito. Rabon da in gan shi haka har na manta, kuma ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi har idona ya kawo ruwa.

Sai ga maganar buɗe ruwa. A bayan garinmu akwai wani lungun ruwa da ake hana kamun kifi a cikinsa tun damina, sai ruwa ya ja baya Sarkin Ruwa ya sa rana a buɗe, kuma tun kakanni gidanmu ne yake jefa birgi na farko kafin kowa ya shiga. Ga wanda bai sani ba, birgi ita ce komar da ake jefawa, bakinta duk dalma ne, sai ka murɗa jiki gaba ɗaya ka watsa ta, sannan ka jawo ta jiƙe da duk abin da ta kama. Baba ne yake jefawa a da, da ƙarfinsa ya ragu ya miƙa mini. An sa rana, Asabar mai zuwa ce. Na aika a gaya masa bana ɗansa, wato ƙanena, ya jefa a madadina. Ya ce atafau, wai in wani ya jefa ina zaune a gari, an gaya wa duniya ke nan ɗorinsa bai kama ba. Kuma tuni ya gaya wa Sarkin Ruwa ni zan jefa.

Matata da ta ji ta ce da ta sani tun ranar farko da ta sa kazar a tukunya. Mun yi faɗan da ba mu taɓa yi ba, ta ce ni na jawo da dabarata, kuma ta fi kowa sanin cewa raina yana son shiga ruwan, Baba hujja ce kawai na samu. Na ji haushi don akwai gaskiya a maganarta. Inna kuwa kullum maganarta ɗaya ce, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, kuma ai jifa ɗaya ce ba wuni zan yi ina su ba. Na rasa yadda zan yi mata bayanin cewa jifa ɗayar ita ce abin.

Ga abin da bai kamata in yi ba amma na yi. Ranar Talata matata ta tafi kasuwa, na shiga zaure na ɗauko birgina, busasshiya ma ba jiƙaƙƙiya ba, na ce bari in gwada, wataƙila da gaske na haɗe. Na ɗora ta a kafaɗa na ɗan murɗa jiki kamar zan jefa, sai na ji wani abu ya motsa a tsakiyar ƙirjina, ba ƙarar bawul ɗin da na saba ji ba, wannan kamar ƙashi ne ya goga ɗan uwansa. Gumi ya keto mini, na lallaɓa na zauna na rungume matashina. Da na kira likita a waya ya yi mini faɗa sosai, ya ce in zo cikin satin nan a ɗauki hoton ƙirjin, kuma in na sake irin wannan wayar ɗaurin tana iya yanka ƙashin a koma tiyata, ga ni a kan maganin tsinka jini. Na gaya wa matata, kayana kawai ta fara haɗawa. Shawararta mu tafi asibiti mu yi zamanmu can gidan 'yar uwarta sai an gama buɗe ruwa, a ce likita ne ya riƙe ni. Amma garinmu ƙarami ne, kowa zai san guduwa na yi, kuma Baba ne zai tsaya a bakin ruwa shi kaɗai ana kallonsa.

Jiya bayan la'asar na yi niyyar gaya masa gaskiya, in faɗa masa abin da na ji a ƙirjina. Na taka har ƙofar gidansa, na tarar da shi zaune a tabarma da birgina a cinyarsa, ashe ya aika an ɗauko masa, yana ɗinke inda ta yage da hannun nan nasa mai rawa, zare yana ta kuɓuce masa yana sake kamawa. Ya ciccire rabin dalmar ya tara a gefe, wai don ta yi mini sauƙin jifa. Kafin in buɗe baki ya ce, "Na san kana jin tsoro. Ni ka tuƙa ma jirgin da kaina, kai dai jehwa taka. Ban taɓa roƙonka komi ba, wanga ɗai na." Mutumin da ya yi shekaru bai shiga jirgi ba. Duk maganar da na shirya ta gudu, na ji bakina ya ce, "To, Baba."

Yanzu mota tana jiranmu gobe da safe, matata ta gama shiri, shi kuma yana can yana gaya wa mutane na amsa. Na san ba zan iya jefa birgin nan ba, ina da yara ƙanana, kuma na ji abin da na ji a ƙirjina. Amma wallahi ban san da wane baki zan koma in janye "to" ɗin da na ce ba. In tafi ba sallama in bar likita ya ɗauki laifin, ko in je in durƙusa gabansa in gaya masa kazarsa ta warke ni ban warke ba? Akwai wanda ya taɓa gaya wa uban da ya goya shi irin wannan magana, zumunci bai lalace ba? Ku gaya mini yadda kuka fara, don ni farkon maganar ne na rasa.