Gurbin 'Yan Amshi

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar girmamawa irin wadda 'ya ke durƙusawa ta yi wa uwa, ina fata Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Ni ce autarki, daga Kuala Lumpur, inda karatun Baban Ummi ya kawo mu. Muna lafiya. Takwararki Ummi ma lafiyarta ƙalau, ta yi tsawo har ta kusa kamo kafaɗata.

Na san wasiƙar nan ba za ta iske ki ba. Amma za ta iske waɗansu, kuma in sun karanta za su gane kansu. Mutum ɗaya zan ambata a cikinsu, ita ma da sunan ɗanta.

Inna, da kin ga garin nan da kin riƙe baki. A nan gida ake gina wa kiɗa. Akwai gidan tarihi a tsakiyar gari, an jera ganguna da tambura da sarewa a bayan gilashi, an kunna musu sanyi ba dare ba rana, saboda danshin da ke tasowa daga teku yana cin fata da itace. Wasu har da sunan mai su a rubuce a ƙasa. Ga kuma zaurukan wasa, manya da ƙanana, inda za ki ga tsohuwa sa'arki an riƙo hannunta an hau da ita dandamali, masu digiri suna miƙewa tsaye don ta shigo.

Ranar da na fara ganin gidan tarihin, mu matan 'yan Arewa ne muka haɗu a tashar jirgin ƙasa ta Cheras, muka tafi rututu da yara. Maman Khalifa na cikinmu. Kin san ta, ke kika yi kiɗa a bikin yayarta a Gwammaja, lokacin tana budurwa, ta yi rawa har ɗankwalinta ya faɗa ruwan masaki. To ita ce ta tsaya gaban gilashin nan tana ta ɗaukar hoto tana girgiza kai, wai mutanen nan sun san darajar abinsu, mu kam mun zubar da namu.

Wa ya zubar, Inna? Ina tuna yadda ake aiko miki da goro tun biki da saura, a shimfiɗa miki tabarma a tsakar gida, ki kife ƙwarya a kan ruwa, mata su rasa inda za su sa kansu don daɗi. Da an watse kuma sai ki koma maroƙiya, mu 'ya'yan maroƙiya. Ko sadakar bakwai ɗinki ba a yi ba Yaya Sani ya kwashe kayan kiɗanki ya rabar wa masu fura, wai kada 'yan ta'aziyya su gani. Ƙwarya ɗaya Gwaggo ta ɓoye a ƙarƙashin gado, wadda gyartai ya ɗinke wa baki. Ita na naɗo cikin zani na tsallako teku da ita.

Kina da maganganu biyu da ba ki gajiya da faɗa. Ta farko: "Waƙar da ba amshi, kuka ce." Ta biyu kuwa da sanda kika koya mini ita. Ina yarinya, in na ba da baiti 'yan amshi suka yi nawa, sai in yi wuf in amsa wa kaina. Ki ɗan ƙwala mini makaɗi a gwiwa ki ce: "Kada ki ci gurbin 'yan amshi. Ko sun makara, wurinsu ne, ki bar musu."

A gidan tarihin nan wata dattijuwa 'yar Malay, mai kula da ɗakin kayan kiɗa, ta ga na daɗe a tsaye idona ya kawo ruwa. Ta tambaye ni, na ba ta labarinki da guntun Turancina. Ta ce suna da ƙaramin zaure inda baƙi mazauna garin kan nuna kiɗan ƙasashensu da yammacin Asabar, ko zan zo? Na gaya wa Baban Ummi. Ya ce in dai raina yana so, in je.

Kiɗan ƙwarya ba na mutum ɗaya ba ne, don haka na nemi matan nan. Muka taru a gidan Maman Khalifa a unguwar Taman Melati, aka rufe ƙofa, aka sauke labule. Na zaɓi waƙarki ta rakiyar amarya, wadda kike cewa, "Na yi nisa da gida, wa zai kama mini kaya?" su kuma su ce, "Ga mu nan, ga mu nan." Inna, ban koya wa kowa ba. Duk sun iya. Suka amsa har maƙwabta suka buga bango, aka ture kujeru aka taka rawa, wata har da guɗa. Da na yi maganar hawa dandamali suka ce wannan kam da nauyi. Na ce to ba sai kun hau ba, ku zauna a kujerunku, in na ba da baiti ku amsa daga nan. Suka ce ai wannan ba komai, an gama.

Asabar ta zo. Na goge fumfunar da danshin garin nan ya sa wa ƙwaryarki, na shafa mata mai. Ba masaki a nan, sai na ɗauki bahon roba na wankin Ummi, ina jin kunyarki a raina. Zauren ya cika. Wasu 'yan Indonesiya suka yi nasu, abokansu na amsa musu daga ƙasa kamar rufin zai yaye. Sannan aka kira ni. Na karɓi lasifika na faɗi sunanki cikakke, ni da ban taɓa furta shi da bakina ba tunda aka haife ni. Na ce kiɗan nan naki ne.

Na kife ƙwarya a kan ruwa, na buga. Muryarta na nan yadda kika bar ta. Na ɗaga kai na hango su a jere kusa da gaba, sun sha leshi da gwaggwaro, mazajensu a layin baya. Na ba da baiti: na yi nisa da gida, wa zai kama mini kaya?

Ba wadda ta buɗe baki.

Na ce ko ba su shirya ba ne. Na bar musu gurbinsu, na ci gaba da kiɗa, na sake zagayowa. Shiru. Wayoyinsu a sama suna ɗaukata, leɓunansu a ɗinke. Na dubi Maman Khalifa ido cikin ido, sai ta sunkuya tana gyara wa ɗanta hula. Ƙafarta kuwa ina ganinta tana bin kiɗan a ƙarƙashin kujera.

Wallahi amshin ya zo mini har maƙogwaro. Da na faɗe shi da kaina ba wanda zai gane an yi wani abu. Amma na ji makaɗinki a gwiwata. Haka na kai waƙar ƙarshe, kowane baiti in yi tambaya in bar wuri, ƙwarya da ruwa kaɗai ke magana, har na ajiye sanda.

Aka yi tafi, tafi mai yawa. Dattijuwar nan ta zo ta riƙe hannuwana biyu, idonta jawur. Ta ce ta daɗe tana jin kiɗe-kiɗe, ba ta taɓa jin waƙar da ke kira ta tsaya tana jira haka ba, wai shirun nan ne ya fi taɓa ta. Sannan ta tambaye ni ko waƙar makoki ce a wurinmu. Inna, waƙarki ta biki, wadda ke sa tsofaffi su yar da sanda. Na ce mata yau dai ta zama.

Ba baƙin nan ne suka ƙona mini rai ba, su sun girmama abin da ba su sani ba. Nawa ne, waɗanda suka san kowace kalma. Kafin mu kai gida saƙon Maman Khalifa ya shigo wayata, har da guntun Turancin 'yan garin nan: "Sorry lah, Maman Ummi, kin burge wallahi. Kin san position ɗin Abban Khalifa, in video ya je gida sai a ce mun zo Malaysia roƙo." Da dare kuma ta ɗora hoton gangar Malay ta gidan tarihin nan a shafinta, ta rubuta cewa al'ummar da ta raina al'adarta ta mutu. Ban amsa mata ba. Wannan wasiƙar ce amsata.

Dattijuwar ta roƙe ni in bar musu ƙwaryar, su sa ta a gilashi da sunanki a ƙasa, inda danshi ba zai ci ta ba. Na san a gidana ba za ta yi ƙarko ba, ɗinkin bakinta ma ya fara saki. Duk da haka na ce ta yi haƙuri. Kin sha zama a inda ake kallonki ba a amsa miki, ba zan ƙara miki wani ba.

Saura abu ɗaya, Innata. A jirgin ƙasa, muna dawowa daga zauren, Ummi ta tambaye ni da Turanci me ya sa nake ta tsayawa a tsakiyar waƙa. Na ce wurin wasu ne, ba su zo ba. Jiya ina wanke bahon nan ina rera baitin ƙasa-ƙasa, ban ma san ina yi ba, sai na ji murya daga ɗaki, da karyayyar Hausar nan tata da za ta ba ki dariya in da kina nan: "Ga mu nan, ga mu nan." Ita kaɗai. Na zauna a bakin baho na yi kukan da ban yi a zauren ba.

Allah Ya jiƙan ki, Inna. Ya yafe miki kurakuranki, Ya haskaka kabarinki, Ya saka miki da alheri a kan kowace amaryar da kika raka da waƙa har ta daina kuka. Ranar da za ki yi kira, Allah Ya sa ki sami masu amsa miki. Ya raya takwararki, Ya sa ta fi mu ƙarfin hali.

Taki har kullum,
Autarki, 'yar mai ƙwarya.