An Sauke Zauren Baba

Zuwa ga Yaya Sule, a Kumasi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Yaya ƙafar nan, ta yi sauƙi? Mu nan Abakpa sai godiyar Allah.

Maganar gidanmu na haya ce, zauren nan da Baba ya gina da hannunsa. Wani ma'aikacin reluwe na sa a ciki, mutumin kirki, amma bai taɓa zama a ginin ƙasa ba. Da damina ta kankama, ya ga indararo yana zubo ruwa kan kekensa, sai kawai ya cusa tsumma ya toshe shi. Ruwa ya kwanta a kan soron har azara ta ruɓe. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma da na ga idonsa, faɗan ya gagara.

Audu magini ya zo ya dafa bangon, ya ce, "Garba, wannan ya wuce gyara. In ba ka sauke shi ba, zai sauko kan mutum." Shi ya sa ban tsaya na ji ta bakinka ba. Ka yi haƙuri, an rushe.

Sai dai na hana a kwashe ƙasar. Ita aka sake kwaɓawa, ake yin sabon tubali. In Allah ya dawo da kai, bangon da za ka jingina da shi, ƙasar Baba ce.

Ka gaishe da kowa, ka sa mu a addu'a.

Ƙaninka,
Garba