Ƙofar da Ta Ƙi Alhamza

Unguwar Dosa, Kaduna
Talata

Yaya Sharhabil,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Anti da yara. Tunda ka daina ɗaga wayata, ga takarda na ba Alhassan direba a tashar Kawo, in ga ko ita ma za ka kashe ta.

Na san har yanzu kana jin haushin kujerarka da kamfani ya ba ni bayan ka ajiye aiki ka koma Kano. Wallahi ban roƙa ba. Amma ba wannan ya kawo ni ba.

Ƙofar nan da ka gina a manhajarmu, wadda sakamakon gwajin jini ke bi daga ɗakin gwaji zuwa ƙananan asibitoci, ita ta hana ni sakat. Mun ɗora sabon asibiti a Rafin Guza. Na sa adireshinsu, na sa mabuɗin sirri, na gwada, ta amsa lafiya lau. Amma cikin sakamako goma sai takwas su isa, biyu su yi ɓatan dabo. Na sake saitin sau huɗu. Na zauna, na tashi, na zaga ofis har Malam Sambo manaja ya ce ko kujerar ƙaya gare ta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, Yaya. Don Allah ka duba min.

Ƙanwarka,
Ummulkhairi

*

Kano
Alhamis

Injiniya Ummulkhairi,

Wa'alaikumus salam. Kowa lafiya.

Shekara biyu ƙofar nan tana hannuna ba ta taɓa cin saƙo ba, a sanina. Na gwada ta da sunayen mutanen gidanmu kaf kafin in buɗe ta, har da naki, kuma ta bar ki kin wuce. Ki duba lokacin da ƙofar ke jiran amsa, wataƙila intanet ɗin Rafin Guza ne ke barci. In ba shi ba ne, ai ke ce mai kujera. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Ki gaida Umma. Ki ce ina nan tafe in aiki ya lafa.

Sharhabil Mamman

*

Unguwar Dosa
Asabar

Yaya,

Sallama. Ba intanet ba ne, kuma ba ni da lokacin baƙar magana yau.

Na fasa bin saiti, na buɗe ma'ajiyar saƙonnin da ƙofar ta kora, wadda ba wanda ya taɓa leƙawa. Mutum arba'in da ɗaya daga Rafin Guza kaɗai. Na karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya. A'isha. Sa'adu. Isma'ila. Rabi'atu. Duk masu alhamza ne, ɗan waƙafin nan na sama. Akwai matatar da ka sa a bakin ƙofa, duk saƙon da ta ga alamar nan a ciki sai ta ɗauka ɓarawo ne ke son kutse, ta jefar da shi shiru. Tsofaffin asibitocin ba sa rubuta alhamza, shi ya sa ba ta taɓa tona ka ba. Na Rafin Guza kuwa malamar rajistarsu Hausa ta karanta, ba ta barin ko ɗigo.

Kai ka kulle matatar, kuma lambar buɗe ta tana kanka.

Yanzu ga abin da na ɓoye maka don kada ka ce da ita nake jan ka. Umma ba ta da lafiya. Ƙafafunta sun kumbura, ta rame, abinci sai lallashi. Asibitin Rafin Guza ɗin nan na kai ta saboda likitarsu ta santa. Sau uku muna komawa ana cewa sakamako bai iso ba, ni kuma ina zaune kusa da ita ina zagin ɗakin gwaji. Ashe kwana tara yana kwance a kwamfutata. Na buga shi a takarda na kai da hannuna, likita ta ce ƙoda ce, Litinin za a kwantar da ita. Ta ce da an gani da wuri da ya fi. Saura mutum arba'in, kuma kullum ana ƙaruwa.

Ka ce ka gwada da sunan kowa a gidanmu. Allah ya yafe min, yau zan rubuta sunan Umma da ba ma faɗa: Zahra'u. Ka gwada da shi?

Ummulkhairi

*

Kano
Lahadi

Ummu,

Ban gwada ba. Na zo kansa a jerin, kunya ta hana ni bugawa, na tsallake.

Lambar buɗewa shekarar haihuwar Umma ce. Ki gyara layi na sha bakwai na matatar ya karɓi alhamza, ki sake tura arba'in ɗin nan yau, ki kira asibiti su tabbatar miki ɗaya bayan ɗaya.

Ina gaban motar Alhassan, takardar nan da ni za mu iso tare. Na rubuta ne don ba zan iya faɗa miki da baki ba. Kada ki gaya wa Umma wanda ya tsayar da ita a ƙofa. Ni zan gaya mata.

Yayanki,
Sharhabil