Ƙasar Gonar Baba

Zuwa ga Yaya Saminu, Babban Mutum.

Assalamu alaikum. Yaya jikin Inna, yaya ƙarin haƙuri? Mu nan Jamus lafiya lau, takaba saura kwana arba'in. Gajiya ce dai ta ƙi sakina.

Yaya, na yi ɓarna. Ka tuna ƙasar gonar Baba da ka aiko wa ƙanenka, marigayi maigidana? Da ita yake gwajin gawayin da zai sa gona ta riƙe ruwa in damina ta yi gardama. Abokan aikinsa sun kawo mini kayansa, da kwalbar ƙasar a ciki. Na tuna kukan Inna, an binne ɗanta a ƙasar wasu, sai na ba liman ya zuba a kabarinsa. Ashe kuskure suka yi da suka haɗo ta cikin kayan, ita kaɗai ta rage musu ta gwaji. Aikin shekara huɗu ya tsaya. Sun ce ba komai, amma na ga fuskokinsu.

Don Allah ka ɗebo ƙasa mudu biyu daga gindin gawon nan na gonar, abokan aikin nasa za su yi takardun shigo da ita nan. Ka kuma gaya wa Inna ƙasar gida na kansa.

Allah ya jiƙansa.

Taku,
Barakatu